Gatarin Baba Yohanna a Gonar Nomau

Tun da na dawo daga ƙasar Nijar ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin kasuwar Likoro a tambaye ni, a tashar Hunkuyi a tambaye ni, har wani surukina ya taso takanas daga Makarfi wai ya zo gaisuwa, alhali labari ya kawo shi. Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara gishirinsa. Shekaranjiya na ji wani yana rantsuwa wai ɗaure mu aka yi a can. To, yanzu da aka yi kaka hannu ya sami sarari, bari in rubuta abin yadda ya faru, wanda ya ƙara kuma shi da Allah.

Ni Haruna, ma'aikacin masaƙa ne a Kaduna, har rage ma'aikatan da ya zo da mulkin sojan nan ya biyo ta kaina. Na tattaro mata da yara na dawo gonar mahaifina. Na tarar garinmu ya zama garin masara. A shekarun da taki yake arha kowa ya watsar da geron kakanni, ana cewa abincin tsuntsu ne. Sai tsuke bakin aljihu ya zo, taki ya zama sai mai uwa a gindin murhu, ruwan sama kuma ya koyi zuwa a makare ya tafi da wuri. Shekara biyu a jere masara ta ƙone, dawa ta tsaya da kai babu ƙwaya. Da muka waiwayi gero, ɗan irin da ya rage a tukwanen tsofaffi yunwa ta sa an dafa shi. Na kasuwa kuwa gauraye ne da maiwa, sai ka shuka kake sanin abin da ka saya. Rumbuna ya ƙare tun tsakiyar rani, ƙanena har ya fara maganar komawa Zariya dako. Kowa ya san in muka sake faɗuwa karo na uku, unguwarmu watsewa za ta yi.

Maƙwabcinmu Baba Yohanna shi ya tuna da Nomau. Baba dattijo ne a cocin garinmu, abokin mahaifina tun suna kiwon awaki, kuma babu manomi kamarsa a yankin. Gonarsa ko kututture ɗaya ba ka gani, ka ce tsakar gidan amarya ce. Shi kuma Nomau mutumin Nijar ne da ya zo ci-rani a shekarar babbar yunwa, ya zauna a zauren Baba yana aikin rake a fadama. Ya sha ba su labarin wani gero nasu mai nuna da wuri, ya ce duk ranar da suke so su zo Garin Bawa, arewa da Maraɗi. Dattawa suka zauna suka ce Baba ya tafi tunda shi ne mai masaukin, ni kuma in raka shi, wai na zauna birni na iya magana da masu kaki. Tsarabarmu mazarƙwaila ce da busasshen tattasai.

Daga Hunkuyi a-kori-kura ta kai mu Zariya, muka hau motar Katsina. Ba mu wuce Funtuwa ba mai ya ƙare. Direba ya ɗauki jarka ya shiga gari nema, mu kuma muka baje a gindin wata bedi. A nan wani Bakano ɗan koli ya gane Zage-zagi ne mu, ya sa mu gaba.

“Yanzu ku da kuke cika mana baki da noma, ku ne za ku Nijar, ƙasar Faransa, roƙon iri? Gobe kuma rake za ku je ara.”

Baba ya ce, “Ai gara mu, abin shukawa za mu nema. Ku Kanawa da za a ba ku irin, kafin ku iso gida kun sayar.”

Mutumin ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ɓare goro ya ba mu. Shi ne ma ya nuna mana rumfar da muka kwana a tashar Katsina, ya kuma gargaɗe mu kada mu canja kuɗi sai mun tsallaka. Ko da muka tsallaka ɗin ba mu ji daɗi ba. Nairar nan da a da ake karɓa da hannu biyu, mai canji da yatsa biyu ya ɗauke ta yana taɓe baki. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata.

Boda a Jibiya ba a daɗe da buɗe ta ba, don haka mutane kamar ranar kasuwa. A ɓangarenmu soja ya sa muka yi layi tsaf, babu mai tari. A ɓangarensu wani dogon jandarma ya ce kowa ya fito da takardarsa. Ni na miƙa tsohon katin masaƙa, Baba kuma ya laluba aljihu ya zaro katin baftisma. Jandarman ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

“Tsoho, wanga mi ne ne?”

“Shaidar ni mutumin kirki ne,” in ji Baba.

“To ina za ku?”

Da muka ce Garin Bawa, sai fuskarsa ta sake. Ashe kakarsa 'yar can ce. Ya karɓi curin mazarƙwaila guda, ba don ya roƙa ba, ya ce mu gai da mutanen gari. Duk iya magana da masu kakin da aka zaɓe ni dominsa, ban ce uffan ba.

Maraɗi ba mu daɗe ba. Abin da na riƙe a kanta shi ne burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ga tauri, na kusa barin haƙori a ciki. Daga nan motar kasuwa ta sauke mu a wani ƙauye, muka ƙarasa a amalanken shanu. Hausa dai Hausa ce, amma sai ka kasa kunne. Gero a wurinsu hatsi ne, fura kuma hura, itace icce.

Mun sami Nomau a kwance, kurkunu ya kama shi a ƙafa, 'ya'yansa maza biyu kuma ba su dawo daga ci-rani ba. Da ya ga Baba sai ya nemi miƙewa, Baba ya danne shi. Gaisuwarsu ta ɗauki lokacin da za a dafa shinkafa. Matarsa Tabawa ta share mana ɗakin 'ya'yan, ta kawo fura a ƙwarya. Fura da safe, fura da rana, tuwo sau ɗaya da yamma da miyar kuka wadda ba ta taɓa jin labarin manja ba. Ni da na saba da shayi da burodin Kaduna, cikina ya yi kwana biyu yana ƙorafi. Shayinsu kuwa a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai ka sha sau uku kafin a sallame ka. Da la'asar ta yi wani ya miƙo wa Baba buta, Nomau ya yi wa mutumin bayani a hankali cewa Baba Kirista ne. Limamin garin ya ce, “Baƙon Nomau baƙonmu ne,” aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa ya jira mu.

Da muka faɗi abin da ya kawo mu, Nomau ya ce iri yana nan, amma ba a hannunsa ba. Tun bayan yunwa garin suka gina rumbu guda na kowa da kowa, suna ce masa rumbun tsimi. A nan ake ajiye iri, ba a sayarwa, rance ake bayarwa a biya da kaka. Makullin yana hannun wata tsohuwa, Inna Hassana, kuma ba a buɗewa sai masu kula da shi sun zauna ranar Juma'a. Ya ce mu kwantar da hankali, shi zai tsaya mana.

Kafin Juma'ar muka riƙa zagayawa. Nomansu a tsaye suke yi da wata hauya mai doguwar ƙota, ba tayar da kunya, ba duƙawa. Na ce wa Baba da haka muke noma da ban taɓa zuwa Kaduna ba. Amma abin da ya tsaya masa a rai gonakin ne. Ko'ina sabara da kalgo sun tofo, wasu sun kai ƙugu, wasu sun fi mutum, an ɗaɗɗaura musu tsummoki. Mun ɗauka wani camfi ne na garin, ba mu tambaya ba don kada mu ba su kunya.

Baba ya rage murya ya ce, “Haruna, yunwa ta karya mutanen nan. Damina a bakin ƙofa, ko sassabe sun kasa.”

Mutum ne da bai iya zama ba, balle ya zauna yana cin abincin wanda ya san ba shi da shi. Ya tambayi Tabawa wace ce gonarsu, ta nuna masa da hannu. Ya ce mini gobe zai rama wa Nomau alheri. Na ce Allah ya ba da lada, ni ma da ba a yi da ni zuwa kasuwar ƙauyen gaba ba, da tare za mu. Da sassafe ya ari gatari a gidan maƙwabta, suka ɗauka itacen girki zai faskara.

Na dawo bayan azahar na sami gidan shiru. Tabawa tana zaune a ƙasa a bakin madafa, mayafinta ya zame ba ta gyara ba. Ta je gona tsinko ganye ta ga abin da ta gani. Ban gama tambaya ba sai ga Baba ya yi sallama, gumi har ƙafa, da ƙaton damin itace a ka. Ya sauke a gabanta yana murmushi.

“Ga na girki, uwar gida. Rabin gonar ya yi fes, gobe in ƙarasa.”

Tabawa ta matso kusa da damin. Ta sa hannu ta zaro wani reshe mai ƙaya da tsumma ja a jikinsa, ta riƙe tana kallo. Can ta ce, “Har da gawon.” Ta tashi ta shige ɗaki.

Nomau ya kira mu. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage mu da ya fi mini sauƙi. Ya ce a da su ma haka suke share gona ƙal. Sai iska ta riƙa kwaso rairayi tana binne shuka, mutum ya shuka sau uku bai tsira da ɗaya ba. Matansu kuma su yini a daji neman itace, a ƙarshe su dawo da kashin shanu. Bayan yunwa wasu malaman gona suka zo suka nuna musu cewa kututturan da suke sarewa duk shekara ba matattu ba ne, saiwarsu na nan da rai. In ka zaɓi tofo biyu ko uku ka bari, ka sassabe sauran, ka ɗaura tsumma don kowa ya san da mai shi, sai ya zama itace. Yana tare iska, ganyensa ya zama taki, rassan da aka rage su shiga murhu.

“Shekara ukku ke nan muna renonsu, Baba. Gawon nan Tabawa da tulu ta riƙa kai mishi ruwa.”

Sannan ya faɗi wadda ta fi. Garin sun yi doka, duk wanda ya sare itace mai tsumma, gidansa ba ya samun iri daga rumbu a shekarar. Laifin baƙo kuma na mai masaukinsa ne. Wato ba mu kaɗai za mu koma hannu rabbana ba, shi ma Nomau mun jawo masa. Na dubi Baba. Tausayinsa ya kama ni, ga kuma haushi, ga tsoron abin da zan je in faɗa a gida.

Ranar Juma'a bayan an sauko aka zauna a ƙofar maigari. An kawo Nomau a kan jaki. Inna Hassana 'yar ƙaramar tsohuwa ce, makulli rataye a wuyanta, muryarta kuwa ta fi ta jandarman nan kaifi. Wasu suka ce a yi haƙuri, baƙo ne, bai sani ba, kuma alheri ya nufa.

Ta ce, “Na jiya. Bara ɗan ƙanena ya sare guda, shi ma cewa ya yi bai gani ba, munka hana mishi. In munka buɗe ma baƙo yau, gobe kowa baƙo ne.”

Ni ma a raina na san gaskiya ta faɗa. Sai Baba ya miƙe, ya cire hula, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

“Ni na yi ɓarnar nan, da hannuna, ba wanda ya aike ni. Shekarata sittin ina noma, ban san ana renon kututture ba sai a garinku. Tambaya ɗaya gare ni. Waɗanda na sare, sun mutu ke nan?”

Maigari ya ce za su sake tofowa, in awaki sun bar su. Matsalar ita ce dabbobi a sake suke har sai shuka ta fito, kuma ɗanyen tofo shi suka fi so. Sai an kewaye kowane kututture da ƙaya, a riƙa dubawa kullum. Ga Nomau a kwance.

Baba ya ce, “To hannun da ya sare shi zai yi shingen. Zan zauna har ku ɗaure dabbobinku. Ku ba Nomau irinsa. In kun ga dama ku ba yaron nan namu ya kai gida, akwai yara a can.”

Inna Hassana ta dube shi tun daga sama har ƙasa. “Tsoho, damanarku ta riga tamu sauka. Wa za ya shibka maka taka gona?”

Ya nuna ni da haɓa. Ni da kunyar da nake yi a gona ba ta taɓa miƙewa ba.

Ta ce a bar su su yi shawara. Ba su daɗe ba. Aka buɗe rumbu aka ba Nomau irinsa, mu kuma aka auna mana buhu guda, rance, a mayar da kaka da ɗan ƙari a kai. Da hannunta ta cuɗe shi da toka. Na ce saboda ƙwari ne? Ta ce, “Da ƙwari, da ku. Mai jin yunwa ba shi da alkawali.”

Da zan tafi na sami Baba a gonar, yana jan reshen ƙaya, hannuwansa duk sun yi jini. Na ce ko in zauna shi ya tafi. Ya ce ba ni na sare ba. Ya ce in gaya wa Mama Saratu, matarsa, lafiyarsa ƙalau, kuma kada in cika iri a rami, ɗan tsunkule ya isa. Na baro shi raina babu daɗi, ina waiwaye har amalanke ya sha kwana.

A boda tokar nan ta yi mini rana. Sun hana fita da hatsi daga ƙasarsu, amma da ma'aikacin ya zura hannu ya fito da shi fari fat, sai ya karkaɗe ya ce in ɗauke dattina in wuce. Na iso Likoro hadari yana haɗuwa a gabas. Aka raba irin gida gida da gwangwanin madara. Mama Saratu ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse ni ba, sannan ta ce, “Shi ke nan shi. Ko a gidan biki sai ya nemi tsintsiya.” Ta juya ta share ido da bakin zane.

Da ruwan shuka ya sauka gonar Baba muka fara yi, ni da ita da ƙanena, kafin tawa. Shi bai dawo ba sai da gero ya kai gwiwa. Ya rame, ya yi baƙi, ya kuma koyo cewa hura. Ya duba kunyoyina ya ce ya ga maciji ma ya fi su miƙewa, amma shukar ta yi. Sabara da kalgon Nomau duk sun tofo, in ji shi. Gawon ne kaɗai shiru.

Sauran kun sani, tunda a gabanku aka yi. Ruwa ya sake ɗaukewa dawa tana fure. Amma geron ya riga ya shiga rumbu, ba mai yawa ba, daidai abin da zai kai mu wata daminar in an yi tattali. Ƙanena bai tafi Zariya ba. Kowane gida ya kawo rancensa aka cika buhu, har da ƙarin.

Na ce a ba wani direban Jibiya da na sani ya kai, tunda hanyar ba ta tsoho ba ce, ga wahalar mai. Baba yana ɗinke bakin buhun, bai ɗago ba.

“Haruna, kai ma ka san gawo. Duk damina a bushe yake tsayawa, sai kaka yake fitar da ganye. In yana da rai, yanzu ne zai nuna.”

Na ce, “In kuma bai nuna ba fa, Baba?”

Ya ja zaren ya ƙulle, ya gatsa shi da haƙori.

“Sai in tsaya a gaban matar nan in gaya mata da bakina. Kama mini buhun.”